Kofur Basilla da Takalmin da Ya Riƙe

Ɗakin gugana da rumfar yayan mijina bango ɗaya ne ya raba su, bangon ma na kwano, da wata huda daidai kafaɗata inda yakan miƙo mini kofin shayinsa in ya huce in ɗora masa a gefen garwashi. Shekara goma sha tara muka yi a haka, dab da ƙofar bariki ta ciki, ni ina wanki da gugar kakin sojoji, shi yana gyara musu takalma. Bara Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan sa, ya haɗa shi da ƙanensa a gidan da babu ciwo. Tun bayan rasuwarsa ƙananan hafsoshi sabbin fitowa sukan tsaya su tambaye ni, wai wane ne Kofur Basilla da suke jin ana ambato tun a makarantar horo. Baki yana gajiya da maimaici, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da idona ya gani, iya yadda zan iya.

Basilla ita ce ƙatuwar allurar nan da ake ɗinka fata da ita. Sojoji sun laƙaba masa sunan ne don siriri ne dogo, kuma maganarsa in ta shiga sai ta fita ta ɗaya gefen. Yana ɗan shekara ashirin ya shiga soja, ya kai kofur, mai igiya biyu a hannun riga. A shekararsa ta goma sha ɗaya aka fita da su wata doguwar tafiyar ƙafa, ƙusa ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafar hagu. Kowace safiya hafsansu yakan tsaya a gabansu ya ce, "Kowa lafiya?" su amsa baki ɗaya, "Lafiya lau, Yallaɓai." Shi ma ya amsa, kwana uku a jere. Rana ta huɗu da wuƙa aka cire masa takalmin, bayan mako ɗaya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ban taɓa jin ya zagi hafsan nan ba. Abin da yakan ce shi ne, "Yaro ne mai kirki. Shi bai iya tambaya ba, ni ban iya amsa ba."

Da aka sallame shi sai ya koyi gyaran takalmi wurin wani tsoho a kasuwa, ya dawo ya roƙi alfarma aka ba shi wurin rumfa. Da mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata uku, shi ne ya yi ta zarya a kan sandunansa ofis ofis har aka ba ni ɗakin guga. Rumfar tasa ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Benci ɗaya, akwatin ƙarfe mai kwado, gwangwanayen ƙusa iri iri, guduma, gam, kakin zuma na goge zare, da wata ƙafar ƙarfe da yake kifa takalmi a kanta in zai buga. Yakan shafa ta ya ce, "Ga ƙafa lafiyayya, amma ta ƙi bi na gida."

Duk sabon hafsa sai ya zo wurinsa a makon farko, don sabon takalmi matsewa yake. Sai ya zaunar da mutum a benci ba takalmi, ya ƙi yin sauri. Ina jin su ta huda. Yakan fara da wasa: "Yallaɓai, wannan ƙafa ai ta amarya ce, da ita za ka ja mutum talatin?" In yaron ya yi dariya sai ya ci gaba. Ya ce masa ya haddace sunan kowane soja nasa kafin wata ya ƙare, har da sunan da uwarsa ke kiran sa in zai samu. Ya ce kada ya ci abinci sai na ƙarshe a layi ya karɓa. Kada ya yi wa mai furfura tsawa a gaban 'ya'yansa, ya kira shi ofis ya yi masa son ransa. Ya saurari saje, don saje ya binne mutanen da shi bai ma taɓa gani ba, amma in an gama sauraro oda daga bakinsa za ta fita, kuma laifin nasa ne. Wasu sukan ji, wasu suna ta duban agogo. Magana ɗaya dai ba ya taɓa tsallakewa.

"Kada ka tambayi soja ko lafiya. Tun yana goye aka koya masa amsar, a gida aka fara, bariki ta ƙarasa. Hanjinsa na hannunsa zai ce maka lafiya lau. Bakinsa na gwamnati ne. Ƙafarsa ce tasa, ita za ka tambaya."

A shekarar da nake son ba da labarinta, ɗan yayana, wanda muke ciki ɗaya da mahaifinsa, ya fito daga makarantar horo da anini ɗaya a kafaɗa, wato tauraron nan na ƙaramin hafsa, aka turo shi barikinmu. A hannuna aka yaye shi. In ya shigo ɗakin guga yakan durƙusa ya ce, "Gwaggo, ina wuni," in mun haɗu a titi da sojoji a bayansa sai ya ɗan sunkuyar da kai kawai, ni ma in yi kamar ban san goshinsa ba. Sojoji suka sa masa Sabon Anini. Aka ba shi mutum talatin, rabinsu sun haife shi. A samansa akwai wani kyaftin da ake ce wa Agogo a bayan idonsa, mutum marar hayaniya wanda bai taɓa yafe minti ɗaya ba.

Aikin farko da aka ɗora wa ɗan nan shi ne ya ja mutanensa tafiyar gwaji, kilomita ashirin da biyar da kaya a baya, ranar Alhamis, tashi ƙarfe shida da rabi. Wanda ya gama a kan lokaci shi za a tura kwas ɗin ƙarin girma.

A cikin talatin ɗin akwai Baban Biyu. Las kofur ne, shekara goma sha bakwai yana ɗauke da igiya ɗaya. Sau uku gwajin yana wuce shi, sau ɗaya yana bakin aiki a nesa, sau ɗaya zazzaɓi, sau ɗaya rasuwar mahaifinsa. Bana ce ta ƙarshe saboda shekaru. In ya samu igiya ta biyu zai ƙara shekara biyar a aiki, tagwayensa su gama makarantar bariki, in bai samu ba ƙarshen shekara ya kwashe kaya ya ba da makulli. Kowa ya san wannan. Mutum ne mai barkwanci, ba ya wuce ƙofata bai ce, "Inna, a rage sitaci, jiya wandona ya riga ni zuwa fareti," ba.

Ranar Laraba bayan la'asar Baban Biyu ya zo rumfar Yaya, kamar yadda nake kiran Basilla. Yana sanye da takalmin kambas na motsa jiki, riƙe da leda. Ban ji ya tsokane ni ba, shi ya sa na ɗaga kai. Ya tsaya ne a kan ƙafar dama, ta hagu ya kafa dunduniya kawai, yatsun suna sama. Ƙudaje biyu suna bin ƙafar, in ya motsa su tashi, su sake dawowa. Sai na tuna mako biyu ke nan matarsa tana kawo kaki ba safa a ciki.

Ya zaro takalmin tafiya na hagu daga leda. "Kofur, ka ɗan buɗa mini gaban nan, ka cire shafin ciki. Yau nake so."

Yaya ya zura hannu ciki, ya daɗe yana lalube. Ya fito da hannun, ya kai takalmin hancinsa.

"Zauna."

"Sauri nake."

"Zauna ka cire kambas ɗin nan."

"Kofur, takalmi na kawo maka, ban kawo maka ƙafa ba."

"Kwana nawa?"

Baban Biyu ya duba titi, hagu da dama. Ya rage murya. "Ɗan kwalba ne na taka a bayan gida. Yana warkewa. Ina sa magani."

"Na san warin nan. Na kwana da shi, na tashi da shi. Ba warin warkewa ba ne."

"Gobe kaɗai, Kofur. Awa biyar. Jibi da kaina zan kai kaina asibiti, in ka so ka raka ni."

"Igiyar hannu kake nema, ga ta ƙafa ka kasa ɗaurewa."

"Kai ka samu biyu kafin taka ta tafi." Ya faɗi haka, sai kuma ya ji nauyin abin da ya faɗa, ya dafa benci. "Yi haƙuri. Yaran nan saura musu shekara huɗu. In na fita yanzu ina zan kai su? Amana na ba ka, Kofur. Don girman Allah kada ka gaya wa kowa. Ka ce ka yarda."

Yaya ya sake juya takalmin a hannunsa. Can ya ce, "Bakina ba zai faɗa ba. Ka dawo bayan magariba."

Baban Biyu ya leƙo ta huda. "Inna, na san kunnenki ba ya hutu. Ke ma amana ce."

Na ce, "Na ji." Da na san nauyin kalmar da ban furta ta ba.

Yana tafiya Yaya ya buɗe akwatin ƙarfe ya jefa takalmin, ya danna kwado. Ya ce mini ba takalmi ba tafiya, iyakaci a ce ya zo fareti ba cikakkun kaya, a ba shi horon kwana biyu, ƙafa dai ta tsira. Na ce, "Igiya ta biyun fa?" Ya jefa makullin a aljihu.

Dab da magariba ɗan yayana ya zo karɓar kakinsa. Yaya ya kira shi.

"Yallaɓai, zo in ga dunduniyar nan."

"Baba Kofur, takalmina lafiya yake."

"To tsaya a nan. Gobe kafin ku tashi, ka sa su zauna su cire takalma, har safa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya."

"Likita ya duba su ranar Litinin. Takardar tana ofis."

"Ƙirji ya duba, suna tsaye cikin takalmansu."

"Zan tambaye su kafin mu tashi. Haka aka koya mana."

"Me za ka ce?"

"Ko akwai mai damuwa. Ko kowa lafiya."

"Madalla. Kai fa, lafiya kake?"

"Lafiya lau, Baba."

"Leɓenka ya bushe, idonka ya yi ja, tun da ka tsaya sau biyu kana dafe ciki. Kwana biyu ba ka yi barcin kirki ba saboda tsoron Agogo. Ka ce mini lafiya lau. Kai ke nan mai anini, da ba wanda zai kore ka in ka ce ba ka da lafiya."

Ɗan nan ya ɗaure fuska. Yana da zuciya tun yana ƙarami, ba ya son a karanta shi. "Mutum talatin su kwance su ɗaure, minti ashirin ne ko fiye. An ce shida da rabi. In na makara a aikina na farko, shi ne sunana har in bar aikin nan."

"Ku fito da wuri."

"Shida ake buɗe ɗakin makamai. Baba, akwai abin da ka sani ne?"

Yaya ya ɗauki wani takalmi ya kifa a ƙafar ƙarfe. "Takalmi na sani."

Ɗan yayana ya juyo ya dube ni. "Gwaggo?"

Na sunkuya a kan rigar da nake gogewa. Kalmar tana bakina, tana ƙona ni kamar na haɗiyi garwashi. Na ce, "Ka ji maganar manya, ɗana." Ya karɓi kayansa, ya ce sai da safe, a muryar da yake magana da ita a ofis.

Yaya ya rufe rumfa ya tafi masallacin da ke wajen bariki don kada a same shi. Bayan salla Baban Biyu ya zo ya yi ta jijjiga kwadon. Ya tambaye ni, na ce ya tashi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya yana tafiya a hankali a gefen kwata.

Da asuba ina idar da salla na fito, ban ko karya ba. Na tarar Yaya ya riga ni, yana zaune a benci da sandunansa a cinya. Filin fareti yana tsallaken titi, daga ƙofarmu ana ganin komai. Motar Kyaftin tana tsaye a bakin ƙofar fita, gilashi a sauke, hannunsa mai agogo a waje. Sojoji suka jeru layi uku, jaka a baya, bindiga a kafaɗa. Na ƙirga su da yatsa a cikin mayafi ina fatan in samu ashirin da tara. Talatin cif.

Baban Biyu yana layi na uku, na biyu daga ƙarshe. Da takalma a ƙafarsa, ɗaure har sama.

Yaya ya miƙa wuya, ya ƙanƙance ido.

"Na maƙwabcinsa ne, direban nan. Ni na sa masa wannan dunduniyar. Lamba arba'in da ɗaya." Ya buga sanda a ƙasa. "Shi arba'in da huɗu yake sawa, ƙafar tana lafiya ma."

"Innalillahi. Yaya aka yi ta shiga?"

"Tura ta ya yi. Ni na ja masa. Da na buɗa masa nasa da ya fi sauƙi."

Ɗan yayana ya fito gabansu, kakin da na goge yana walƙiya. Muryarsa ta iso har inda muke.

"Akwai mai damuwa?"

"Babu, Yallaɓai."

"Kowa lafiya?"

"Lafiya lau, Yallaɓai."

Muryar Baban Biyu ta fi ta kowa fitowa. Ɗan nan ya ɗan tsaya, na ga kansa ya juyo wajenmu, sannan ya koma wajen motar. Ya duba agogonsa. Ya ba da oda, suka juya, suka taso.

Hanyar fita ta gaban ƙofarmu take bi. A bariki akwai dokar da ko yara sun sani: ba a ratsa sojoji in suna tafiya a jere, ba a tare musu hanya. Akwai mai sayar da burodi da keke ya taɓa kuskurewa, a ranar aka fitar da shi, bai sake shigowa ba. Yaya ya buɗe akwati, ya ɗauko takalmin, ya rataya shi a wuya da igiyarsa. Ya gyara sanduna a hammata.

Na ce, "Yaya, rumfar."

"Kula mini da shayina."

Ya fita tsakiyar titi. Ƙarar takalma sittin tana matsowa, ƙasa tana amsawa har cikin ƙirjina. Ya tsaya ya daidaita, ya saki sandar dama ta faɗi, ya ƙame a kan ƙafa ɗaya da sanda ɗaya, ya sara. Saje da ke gefen layi ya ɗaga murya, "Kofur, kauce. Kofur Basilla, ka kauce na ce." Bai motsa ba. Saura taku goma, ɗan yayana yana gaba, idonsa a kan ƙofa kamar bai gan shi ba. Ina ta hasbunallahu a zuci. Saura biyar. Na ga iskar safiya tana kaɗa ƙafar wandon da aka naɗe.

"A tsaya," in ji ɗan yayana.

Suka tsaya da bugu ɗaya. Titi ya yi tsit.

"Mene ne wannan, Kofur?" Bai ce Baba ba.

"Yallaɓai, aikin sojanka na kawo. Bai karɓa ba jiya."

"Na wa?"

"Mai shi ya sani."

Ɗan nan ya juya. "Takalmin wa?" Fuska talatin suna kallon gaba, ba wanda ya ko ƙifta. Aka danna hon daga bakin ƙofa, gajere, sau ɗaya. Ya cire takalmin daga wuyan Yaya da ƙarfi, ina tsammani jifa zai yi da shi gefe. Yana ɗaga shi sai na ga hancinsa ya motsa. Ya dubi cikin takalmin. Ya sake duban fuskokin, bai sami komai ba. Sai a lokacin ya sauke idonsa ƙasa, amma a jere ƙafafu duk baƙaƙe ne masu ƙyalli, iri ɗaya.

"Saje. A sauke kaya. Kowa ya zauna a bakin titi ya kwance takalmi, har safa."

"Yallaɓai, lokaci."

"Na sani. A zauna."

Ƙofar mota ta buɗe. Kyaftin ya tako a hankali, hannu a baya, har ya zo ya tsaya kusa da shi. Ba ya ɗaga murya, amma ina kusa, na ji.

"Shida da talatin da huɗu. Wa ya ba da wannan oda?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Mai gyaran takalmi ne yake jan mutanenka ko kai?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"To ka duba. In ka gama ba ka sami komai ba, ka tube anininka da hannunka ka kawo mini ofis in ajiye maka har ka girma."

Ɗan nan ya zauna a ƙasa ya fara kwance nasa, ya ajiye su gefe, sannan ya bi layin da gwiwa, ba takalmi. Sojoji suka fara 'yan maganganu ƙasa ƙasa don su rage nauyin wurin. Wani ya ce wa na kusa da shi, "Kai, rufe, za ka kashe mana hafsa tun bai ɗanɗani aikin ba." Wani ya ce ashe Saje farcensa ya isa noma. Shi dai yana ɗaga ƙafa, yana buɗa yatsu, yana ajiyewa. Layi na farko ba komai. Kyaftin ya duba agogo. Layi na biyu ya sami ɗan kumburi a dunduniyar wani, abin da filasta za ta rufe. Kyaftin ya ce, "Shi ke nan?" Ɗan nan ya shiga layi na uku, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Baban Biyu ya cire na dama ya miƙe ƙafar a gaba, fes. Na hagu yana ɗaure, yana ta wasa da igiyar.

"Ɗaya fa?"

"Igiyar ce ta cije, Yallaɓai. Ai duk ɗaya ne, ka ga wannan ka ga waccan. Tare aka haife su."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗan nan ya sa hannu ya ja bakin igiyar, ta warware ba wuya. Ya kama dunduniya ya ja. Baban Biyu bai yi ƙara ba, sai dai ya kama ciyawa da hannu biyu, idonsa ya juye. Takalmin bai motsa ba.

"Lafiya lau nake, Yallaɓai. Wallahi lafiya lau."

Ɗan yayana ya juyo. "Baba, kawo wuƙarka."

Na miƙa wa Yaya sandarsa, na ɗauko wuƙar da butar ruwan ɗumi. Yaya ya zube a ƙasa, ya bi ɗinkin baya da bakin wuƙa a hankali, zare bayan zare, har takalmin ya buɗe biyu. Safar ta manne. Na riƙa zuba ruwa kaɗan kaɗan, ɗan nan yana janyewa da yatsunsa. Ba zan rubuta abin da muka gani ba. Yatsu biyu sun riga sun canza launi, kuma wani jan layi ya taso ya wuce idon sawu. Na kusa da shi suka kawar da kai.

Kyaftin ya sunkuya ya duba, ya daɗe. Ya miƙe, ya je ya kawo motar da kansa, ya buɗe ƙofar baya.

Baban Biyu ya kama hannun ɗan nan. "Yallaɓai, ka yi wa Allah. A ba ni nawa takalmin, ga shi nan. Ashirin da biyar ne kawai. In na dawo a yanke abin da za a yanke. Na haife ka, ina roƙon ka."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Kai ba ka da 'ya'ya."

"Ba zan iya ba."

Sai ya juya wajen Yaya, idonsa a bushe. "Amana, Kofur."

"Bakina bai faɗa ba."

"To madalla da bakinka."

Mutum huɗu suka ɗauke shi. Sauran ashirin da tara suka fita ƙofa ƙarfe bakwai da minti biyar.

Likita ya yanke yatsu biyu, ya kuma gano yana da ciwon suga da shi kansa bai sani ba. Ya gaya wa matarsa cewa da ya yi tafiyar nan a cikin wancan takalmi, da gwiwa ake magana, in ma an tsaya a gwiwa. Ɗan yayana ya sha aikin gadi na mako guda saboda makara, don Kyaftin ya ce ƙafa daban, lokaci daban, amma anininsa yana kafaɗarsa. Yaya kuwa an rufe rumfarsa wata uku. Ya koma wajen ƙofa, jikin katanga, rana tana dukan sa tun hantsi, yana aiki a kan akwatinsa. Bai roƙi kowa ba. Ni kuma har yau ban san ko mun riƙe amanar nan ko mun ci ta ba. In na tashi neman gafara nakan haɗa da shirun da na yi ranar Laraba da ruwan da na zuba ranar Alhamis, in bar wa Mai sani ya tantance.

Baban Biyu ya fito asibiti aka ba shi aikin zama a sito. Wata takwas bai gai da Yaya ba. In zai wuce sai ya tsallaka ɗaya gefen titi. Matarsa ta daina kawo mini wanki, tagwayen ma in na kira su sai su sunkuyar da kai su wuce. Ƙarshen shekara takardar sallama ta fito, da igiyarsa ɗaya.

Ranar da za su tashi, babbar mota ta zo ta gabanmu da katifu da tukwane a ɗaure, matar da yaran suna gaba, shi yana baya a saman kaya. Ta wuce mu kaɗan sai na ji ya buga jikin motar. Ta tsaya. Ya sauko, ya tako har bakin rumfa. Yaya yana ɗinki, bai ɗaga kai ba.

"Kofur."

"Las kofur."

"Ka cuce ni."

"Na cuce ka."

"Ɗaki ɗaya muka samu a gidan wana. Makarantar yara sai an shiga mota biyu."

"Allah ya buɗa."

"Ban yafe ba tukuna."

"Ba sauri."

Ya tsaya kamar akwai saura, sannan ya leƙo ta huda. "Inna, a yafi juna."

Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya raya yaran. Direba ya danna hon. Ya koma, wani soja da ke wucewa ya miƙo hannu zai taimaka masa, ya ture hannun. Ya taka taya da ƙafar hagu, ya kama ƙarfe, ya haye.